Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi: a buɗe karatun arkeyoloji a Jami'ar Tawa

Mai girma Minista, ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ku da shugabannin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, waɗanda nake fatan wannan takarda za ta isa hannunsu su ma. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata lise a nan Tawa. Buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto: a buɗe karatun arkeyoloji, wato ilimin binciken tarihi ta hanyar tono abin da mutanen da suka bari a ƙasa, a jami'armu, cikakke, daga lisans har masta, da filin tono na koyon aiki, a kuma ɗora wani kaso na kuɗinsa a kan kamfanonin da ke yage ƙasar nan da katafila.

Na san teburinku cike yake da abin da ya fi wannan ƙara: alawus ɗin ɗalibai, ɗakunan kwana, ƙarancin malamai, shekarun karatu da ke hawa kan juna. Wanda ya shigo muku da zancen tsingaro da tsofaffin kufai cikin wannan hali, sai a ce ƙoshi ne ya ishe shi. Sai dai wannan lamari yana da wa'adi, kuma wa'adin ba a hannun ma'aikatarku yake ba, yana hannun masu tono.

Ku duba yadda Nijar ke haƙa ƙasarta a ƴan shekarun nan. An shimfiɗa bututun mai daga Agadem har Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000. Ana gina madatsar Kandaji a kan kogin Isa, ruwanta zai shanye garuruwa da tsibirai da duk abin da ke ƙarƙashinsu. Tun 2014 masu neman zinari suka bazu a Jado da Ayar, kowa da na'urar gano ƙarfe a kafaɗa, ita kuwa na'urar ba ta san bambancin zinari da munduwar da aka rufe mace da ita shekara dubu da suka wuce ba. Ga uraniyom a Arlit, ga kwal a Cirozerin. A jaharmu ga dutsen siminti a Malbaza, ga shirin kwal na Salkadamna. Ban ma lissafa ramukan masu bulo a bakin kowane gari ba, da haƙar tsakuwa domin hanyoyi, da ramukan rabin-wata na farfaɗo da gonaki a kan fakon Adar. Dukkansu ayyuka ne da muke so, ba mai hankalin da zai ce a tsaya. Tambayata ita ce wa ke tafiya gaban katafila da littafi da ma'auni a hannu.

Mutane da yawa, har cikin masu ilimi, sun ɗauka aikin mai arkeyoloji shi ne tono kaya masu kyau a jera su a gidan tarihi. Kayan su ne ƙaramin rabo. Abin da yake nema shi ne inda kowane abu yake kwance: a wane zurfi, cikin wace shimfiɗar ƙasa, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, me ke gefensa. Ƙasa tana taruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, sai in wani rami ko gara ta dagula. Ɗan gawayin da bai kai ƙwayar gujiya ba, in an ɗauke shi daga cikin murhun da aka tabbatar da shimfiɗarsa, yana faɗin shekarun murhun, domin karbon 14 da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa yana raguwa da rabi a kowace shekara 5,730, ana kuma iya ƙirga shi har zuwa wajen shekara 50,000. Gawayin nan in an tsince shi cikin tulin ƙasar da katafila ta ture, gawayi ne kawai. Shi kansa masanin, tonon da yake yi rushewa ne, wurin da ya tona ba ya komawa yadda yake. Bambancinsa da ɓarawo shi ne zane da hoto da awo da rubutu da yake bari, ta yadda wani zai zo bayan shekara hamsin ya duba ya ce ya yi daidai ko ya yi kuskure.

Mun riga mun ɗanɗana abin da rashin wannan ke jawowa, kuma Bura ce shaida. A 1975 aka gano wurin, a yankin Tera cikin jahar Tilaberi. A 1983 Boubé Gado na IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewar ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, ya tona maƙabartar Asinda-Sikka bisa ƙa'ida, ya samu tuluna 630 a kife, cunkushe a ɗan fili, wasu da kawunan mutane na yumɓu, ƙarƙashinsu gawarwaki da kibau na ƙarfe da duwatsun wuya. A nan aka samu shahararren mahayin dokin nan na Bura. An kiyasta wayewar tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Ɗan ƙasa ne ya yi aikin, da hannunsa da iliminsa. Sai aka kai kayan baje kolin kwarin kogin Isa da aka buɗe a Paris a 1993, duniya ta gani, ƴan kasuwar kayan tarihi ma suka gani. Dillalai suka shiga ƙauyuka, manoman da fari ya gallaba suka ɗauki diga da shebur, aka bi maƙabartun ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2000 sai da hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na abubuwan Afirka da ake wawashewa. Yau kawunan Bura na cikin falon attajirai a Turai da Amurka, ba wanda zai iya cewa daga wane kabari aka ciro wanne. Ni ban ga laifin manomin da ya sayar da tulu ya sayi tiyar hatsi ba kamar yadda nake ganin laifinmu da muka yi boko. Ƙasa mai faɗin kilomita murabba'i 1,267,000 ta bar wannan nauyi a wuyan masana ƴan ƙalilan.

Doka kuwa muna da ita. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi, kuma dokarmu mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare dukiyar al'adu ta ƙasa, har da sharuɗɗan tono. Amma doka ba ta gane tsingaro. Jami'in duwan da ya buɗe buhu a kan iyakar Ƙonni ya ga kan yumɓu, in ba a koya masa ba, ba zai san ko na Bura ne ko na mai ginin tukwane na makon jiya ba.

Ranku ya daɗe, abin da ke cikin ƙasar nan ya wuce abin ado. A Gobero cikin Tenere, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago a Amurka ta je neman ƙasusuwan dinozor a 2000 ta ci karo da maƙabarta mai kushewa wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. Mutanen farko, dogaye ƙarfafa, sun zauna wurin daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kama giwan ruwa da mashin ƙashi a inda yau ko ɗigon ruwa babu. Fari ya kore su. Bayan kamar shekara dubu ruwa ya dawo, wasu mutanen daban suka zo, su ne suka rufe wata mata da yara biyu suna rungume da juna. Ƙasar da ke fama da gurgusowar hamada, wace makaranta ta fi wannan dacewa da ita wajen sanin yadda mutane suka yi da sauyin yanayi? Cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton binciken da aka fitar a 2008 akwai ƴan Nijar, Oumarou Idé da Abdoulaye Maga, abin alfahari ne, amma sunan da duniya ta riƙe na Shikago ne. (Dinozor ɗin da yaranmu ke zuwa kallo a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai fanni ne daban. Su sun rayu shekaru miliyan ɗari da wani abu kafin mutum, masu bincikensu ƴan ilimin duwatsu da halittu ne. Ana yawan haɗa su wuri ɗaya har a jawabin manya.)

A Termit an samu ƙarfe da wasu masana suka ba shekarun da suka haura 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, abin da ya sa ake muhawara har yau ko Afirka ta yamma da kanta ta gano narkar da tama ko koyo ta yi daga arewa. Wasu sun yarda da shekarun, wasu sun ce gawayin da aka auna tsohon itace ne da ya girmi ƙarfen. Tono sabo mai tsabta ne kaɗai zai raba gardamar, filin kuma namu ne. A Marandet, kudu da Agadas, an tono dubban ƙananan kaskon narkar da jan ƙarfe, kuma masana tarihi na danganta wurin da Maranda da al-Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9, garin da ake alaƙantawa da asalin Gobirawa. Takadda da Ibn Battuta ya sauka a 1353, ya ga ana ciniki da sandunan jan ƙarfe ana kai su Gobir da Barno, bincike ya nuna ita ce kufan Azelik. Raƙumin dawan Dabus da aka sassaƙa a dutse ya haura mita 5. Kufan Kanawa a jahar Damagaram, Garumele kusa da Ngigmi da gininta na jan bulo, Birnin Lalle a ƙasar Dakoro. Tarihin Hausawa kansa, wanda muke ta maimaitawa daga Bayajida da rijiyar Daura, rabin amsoshinsa na kwance a wannan gefen iyaka.

Me ya sa Tawa? Yamai na da IRSH, wadda tushenta ke komawa ga cibiyar IFAN ta binciken Afirka da Faransawa suka buɗe a 1944, da sashenta na arkeyoloji da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, ga kuma sashen tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni. Ba ina neman a rage musu komai ba, su ne ma za su zama iyayen wannan karatu. Amma Yamai tana can ƙuryar yamma, Tawa kuwa tana tsakiya, a kan hanyar Agadas da Arlit, ƙafa ɗaya a ƙasar noma ɗaya a Azawak. Ɗalibi ba ya buƙatar tafiyar kwana biyu kafin ya taka filin aiki. Adar ƙasar tama ce. Maƙeranmu sun ci gaba da narkar da ita har cikin ƙarni na 20, Nicole Echard ta zauna da su a shekarun 1960 ta rubuta yadda suke yi, kuma har gobe wanda ya yi yawo a duwatsun Keita da Buza zai ga kashin maƙera a warwatse. Akwai tsofaffi da suka ga kakanninsu na aikin, ko suka ji daga bakinsu yadda ake gina murhun, wane itace ake ƙonawa, wace tama ake zaɓa. Shekara goma nan gaba ba za a same su ba. A arewa, cikin Azawak, an yi tono a Shin Tafidet da In Teduk a shekarun 1980, aka samu mazaunin makiyayan zamanin dutse da kuma kufan garin Musulmi da masallacinsa. Sannan jami'ar tana ɗauke da sunan mutumin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, ya tattara shi daga bakin mutane da takardu. Abin da baki da takarda ba su kai ba, ƙasa ce za ta cika, kuma zai yi kyau a ce jami'ar da ke amsa sunansa ce ta ɗauki wannan gaɓar. Tana da malaman shari'a da na tattalin arziki a gida, waɗanda za su koyar da dokar kayan tarihi da tafiyar da gidajen ajiya ba sai an ɗauko daga nesa ba.

A ajina ba a rasa yaron da zai zo da gatarin aradu da ya tsinta a gona, ya ce kakarsa ta ce tsawa ce ta jeho shi. In na gaya masa hannun mutum ne ya goga dutsen nan dubban shekaru da suka wuce, sai ka ga idonsa ya buɗe, tambaya ta biyu kuma ita ce ina ake karanta wannan bayan bak. Amsar da nake da ita doguwa ce: ka tafi Yamai ka yi tarihi, in Allah Ya sa ka dace da malami da bursu ka ƙarasa a waje. Mafi yawansu sai su zaɓi shari'a ko lissafin kuɗi, ban kuma ga laifinsu ba. Maƙwabtanmu sun fi mu sauƙaƙa hanyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen arkeyoloji sukutum. A Wagadugu Jean-Baptiste Kiéthéga ya yaye ɗalibai a kan tarihin zinari da ƙarfe, kuma ba banza ba UNESCO ta sa kufan Loropeni a 2009 da wuraren narkar da ƙarfe na Burkina a 2019 cikin jerinta na wuraren gadon duniya. Mu da muke da Termit, jerinmu bai wuce Ayar da Tenere, gandun W, da tsohon garin Agadas ba.

Za a ce babu kuɗi. Karatun nan bai kai na likitanci ko injiniya tsada ba. Kayan filin cokalin magina ne, da rariya, da igiya, da burushi, da ma'aunin tsawo, da na'urar GPS, da kwamfuta mai manhajar taswira, da mota ɗaya mai ƙarfi. Ɗakin auna karbon 14 ba dole ba ne a farko, ana aika samfur waje, ko da yake yana da kyau mu tuna Cheikh Anta Diop ya kafa irinsa a Dakar tun shekarun 1960, lokacin da ake ganin abin ya fi ƙarfin baƙar fata. Babban abin kashewa shi ne malamai da watannin fili. Nan ne kamfanoni ke shigowa. Faransa ta mayar da shi doka a 2001, mai gini shi ke biyan binciken da za a yi kafin ya fara. Da aka shimfiɗa bututun Cadi zuwa Kamaru, mai kilomita 1,070, masu arkeyoloji sun bi layin suka gano wurare fiye da 400, ɗaliban ƙasashen biyu suka koyi aiki a kai. Mu ma mun taɓa yi: shirin gaggawa na Ingal da Tagidda-n-Tesumt daga 1977 zuwa 1981 an yi shi ne domin a riga masu haƙar ma'adinai, kuma kaso mai yawa na abin da muka sani game da jan ƙarfen yankin daga nan ya fito. Tunda duk babban aiki sai ya bi ta nazarin tasirinsa ga muhalli a BNEE, hukumar ƙasa mai tantance wannan nazari, a sa sharaɗi a fili: ɓangaren kayan tarihi mai takardar arkeyoloji ne zai yi shi, da ɗalibai a tare da shi, kofin rahoton kuma a ajiye a ɗakin karatun jami'a inda kowa zai iya dubawa. Rahotannin da aka riga aka yi na bututun Agadem da na Kandaji su ma a kawo su nan.

Wannan sharaɗi shi ne kuma amsar masu cewa za a yaye marasa aiki. Ba ɗaruruwa nake nema ba, ashirin zuwa talatin a shekara sun isa. Wasu za su shiga ofisoshin nazarin muhalli, wasu gidajen tarihi na jahohi, wasu su horar da ƴan duwan da jandarma, wasu su dawo aji irina da ilimin da ya fi nawa. Wanda ya iya awon fili, da zana taswira a kwamfuta, da karanta hoton tauraron ɗan adam, ko ya bar fannin ba zai kwana da yunwa ba.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, ba mai tura ɗalibai Tera ko arewacin Tasara a halin da ake ciki. Amma kayan da aka tono shekaru arba'in da suka wuce suna ajiye a Yamai suna jiran mai sake dubawa da idon zamani, hotunan sama ba sa buƙatar rakiyar soja, kuma kewayen Tawa akwai wuraren da ake zuwa a dawo a yini. A tsarin LMD (lisans, masta, dokta) shekara 5 ake yi kafin masta, 8 kafin dokta. In muka ce sai ƙura ta lafa za mu fara, ranar da hanya ta buɗe masu diga ne za su riga mu isa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma damuwar da ba a cika faɗa a taro ba amma ana faɗa a zaure: tonon kabari, da gumaka. Bai kamata a yi mata dariya ba. Mafi yawan aikin bai shafi kabari ba, ganuwa ce, da marina, da rijiya, da juji, da murhun tama, da irin hatsin da aka ci. Inda aka ci karo da gawa akwai ladabi da ƙa'ida, kuma ba a sa diga a ƙasar kowa sai da yardar sarki da hakimi da malaman wurin. Ɗan gari da ya tashi cikin wannan tarbiyya ya fi baƙo sanin inda zai tsaya. Tarihin Musulunci a ƙasar nan ma yana cin moriyar fannin, domin masallatan Asode da In Teduk da Azelik suna faɗin lokacin da addini ya kafu da yadda ya bazu. Alƙur'ani kuma a wurare da dama ya umarce mu da mu yi tafiya cikin ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ina ba da shawara a sa malaman addini da sarakunan Adar cikin shawarar tun daga farko, kada a kira su sai ranar yanke kyalle.

Abin da nake roƙo a aikace bai da yawa. Ku naɗa ƙaramin kwamiti na IRSH, da sashen tarihi na Yamai, da Jami'ar Tawa, da ma'aikatar al'adu, su tsara manhaja cikin wannan shekarar karatu. A ware guraben bursu na dokta ga waɗanda za su dawo su koyar, a ɗaure su da alkawarin dawowa. Kafin a kai ga lisans ɗin, a fara da filin koyon aiki na wata ɗaya a lokacin sanyi, a wani wurin narkar da tama kusa da Tawa, a haɗa ɗaliban Yamai da namu, a gayyaci malami ɗaya daga Zariya ɗaya daga Wagadugu. Ku kuma tattauna da takwarorinku na ma'adinai, da man fetur, da muhalli a kan sharaɗin da na ambata, domin sa hannunsu yake buƙata. Mu malaman lise a shirye muke mu kai kwamitin wuraren da ɗalibanmu ke tsinto kaya, mu kuma haɗa shi da tsofaffin maƙeran da suka rage.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam,
Wani malamin tarihi da labarin ƙasa, Tawa